Ƙara a ƙarƙashin mota: me take nufi, kuma yaushe za ka ce wa bakanike a'a?

Mota ta fara ƙara daga ƙasa, ka kai ta gareji, ko ɗaga ta ba a yi ba an ce maka: "Alhaji, ƙafa ce gaba ɗaya, sai an sauke." A nan masu mota da yawa ke asarar kuɗi, don ba su san abin da za su tambaya ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Ta yaya zan gane daga ina ƙarar take fitowa?

Lura da lokacin da take zuwa, ya fi sautinta amfani. Kashe rediyo, sauke gilashi, ka bi hanyar da ka saba.

Idan ƙwal-ƙwal kake ji a kan gargada da ƙananan ramuka, amma a titi mai santsi shiru, fara zargin linkeji ko robobin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana. Su ne suka fi saurin lalacewa a hanyoyinmu, kuma suna cikin mafi araha a duk kayan ƙafa. Bugu mai nauyi idan ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu yana iya zama bushin (robobin mahaɗan ƙafa), ko boljoyin (gaɓar da ke riƙe taya da hannun ƙafa), ko shokabsoba (mai shanye jijjiga).

Ƙas-ƙas-ƙas a jere idan ka karya sitiyari sosai kana tafiya a hankali, wannan kan shaf ne, wato gaɓar sandar da ke juya taya. Leƙa bayan taya, galibi za ka ga robarsa ta yage, giris ya fantsama, ƙasa ta shiga.

Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ba ruwansa da giyar da kake ciki, boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ne ko tayar kanta. Ƙarar boris tana canzawa idan ka ɗan karkata hagu ko dama. Tayar da ta ci gefe ɗaya ma tana irin wannan gurnani, don haka a musanya tayoyin gaba da na baya tukuna. Idan ƙarar ta bi tayar, ba boris ba ne.

Ƙarar gwangwani kuwa, wadda ake ji ko mota tana tsaye injin yana aiki, ba daga ƙafa take ba sam. Salansa ce, ko ƙarfen da ke tare zafinta ya saki. Sau da yawa noti ɗaya ko ɗan walda ya wadatar.

Wace ƙara ce ba ta jira?

Uku. Boljoyin da ya yi wasa, domin idan ya fita taya tana kwanciya ne a tsakiyar titi; duk mai bin manyan hanyoyinmu ya ga irin motocin nan da ƙafar gaba ta karye a gefen hanya. Sai tayarod, wanda shi ke haɗa sitiyari da taya. Sai birki mai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, alamar pad, wato abin da ke matse faifan birki, ya cinye har yana gurzar faifan. Da zarar abin da ya rage a jikin pad ya kai kusan milimita 3, lokacin sauyawa ya yi. Waɗannan ukun kada ka ja ciniki da su har ka ɗauki iyali ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna. Ka tabbatar, ka gyara.

Ni da ban san aikin mota ba, me zan iya dubawa?

Fiye da yadda kake tsammani. Ka ce a ɗaga motar a gabanka. Kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga: idan ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. Kama ta dama da hagu: wasa a nan tayarod ne ko wani abu a sitiyari. Juya ta da hannu ka saurara. Bayan an sauke ta, danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Lafiyayyen shokabsoba zai tsayar da ita nan da nan, matacce kuma zai bar ta tana lilo. Dubi jikinsa ma: ɗan danshin mai da ƙura ta manne ba laifi ba ne, man da ke zuba har ƙasa shi ne matsala.

Amma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada ka bari yaron gareji ya shiga saboda kai. A sa ta a rami ko a tokare ta da kyau.

Bakanike ya ce a sauya ƙafa gaba ɗaya. In yarda?

Ba kafin ya nuna maka ba. Gani ya kori ji. Abin da ya lalace a ƙafar mota yana da shaida: wasa, tsagewar roba, zubar mai. Ka ce masa cikin mutunci: "Oga, nuna mini wanda ya mutu a ciki, ɗaya bayan ɗaya." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, zai sa hannunka a wurin ma ka ji da kanka. Na taɓa kai mota aka rubuta mini shokabsoba biyu da hannuwan ƙafa biyu. Da na nemi a gwada a gabana, aka kwance linkeji ɗaya aka ɗaure shi gefe, muka zaga unguwa a hankali, ƙarar ta ɗauke. Shi kaɗai aka sauya.

Sai dai a yi wa kanikawa adalci. Ba duk ƙarin aiki ne cuta ba. Shokabsoba ana sauya shi biyu-biyu, dama da hagu, don motar ta daidaita. Bayan sauya tayarod dole a yi alaimen, wato saita tayoyi, in ba haka ba taya za ta ci gefe. Kuma da yawansu ba zamba ce ke sa su zayyana kaya barkatai ba, tsoro ne kada ka dawo da ƙara ka ce ba su iya ba. Duk da haka kuɗinka ne ke biyan wannan tsoron.

An ce katalis ne ke ƙara, a cire shi mota ta huta. Fa?

Nan ka tsaya sosai. Katalis, wanda a gareji ake kira "indomi", yana cikin salansa yana tace hayaƙi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa: filatinam, faladiyam da rodiyam. Shi ya sa yake da masu saye. Gaskiya ne yakan farfashe ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, yakan kuma toshe mota ta rasa ƙarfi. To amma a tabbatar tukuna. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike, kuma lambar P0420 ita ce ke nuna katalis ba ya aiki yadda ya kamata, ko da yake na'urar auna iskar hayaƙi ko ɓulin salansa ma suna iya tayar da ita. Idan har an cire, naka ne, a saka maka a but.

In sayo kayan da kaina?

Idan kana da hali, je Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja da tsohon a hannu, ko ku je tare da bakaniken. Ku yi magana da mai shago kan dawowa da shi idan bai yi ba. Bushin da boljoyin na Beljiyam sun riga sun ci rabin rayuwarsu, a nan na fi son sabo mai inganci.

An yi aikin da ban ce ba, ko na biya ƙarar tana nan. Ina mafita?

Rigimar ta fi sauƙi ga wanda ya shirya tun farko: jerin kaya da kuɗin aiki a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, da sharaɗin a kira ka kafin a taɓa wani abu, da kuma a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire. Biya ta banki ma shaida ce.

Koma wurinsa da farko, ku hau motar tare ya ji ƙarar da kunnensa, ka nemi ya gyara ba tare da sabon kuɗin aiki ba. Idan ya ƙi, kai motar wani gareji a duba, kada ka faɗa musu abin da na farko ya ce. Da wannan sai ka je wurin shugaban garejin ko reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, inda ake sasanta yawancin irin wannan a zaune. Idan kuɗin da yawa kuma sulhu ya gagara, dokar kare masu saye ta 2018 ta shafi masu aikin gyara ma, kuma hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Kano da Legas suna da kotunan ƙananan da'awa, inda mutum zai iya shigar da ƙara ba tare da lauya ba. Tafi da rasit, da saƙonnin da kuka yi, da tsofaffin kayan a buhu.