Waiwaye: Yadda kamun talabijin da eriya ya faro, da inda ya tsaya a karkarar Kano da Jigawa

A ranar 2 ga Nuwamba 2021 aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Kano, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Abin da aka faɗa wa jama'a shi ne, da ƙaramar dikoda da eriya, mutum zai kalli tashoshi masu yawa tangaram ba tare da biyan kuɗin wata ba. Amma wanda ya bi hanyar Gumel ko ta Birnin Kudu a yau, farantin tauraron ɗan'adam zai fi gani a kan rufin gidaje, eriya sai jefi-jefi. Dalilin hakan ya girmi bikin na 2021 nesa ba kusa ba.

Tashar talabijin ta farko a Najeriya ita ce WNTV ta Ibadan, wadda ta fara aiki a ƙarshen Oktoban 1959. Arewa ta samu tata a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna. A 1977 gwamnatin tarayya ta tattara tashoshin da ke akwai ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka dawo suna kafa nasu. Gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa CTV 67 a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV. Jigawa kuwa sai a 1991 aka yanke ta daga Kano, sannan Dutse ta samu tashar NTA da ta jiha. Abin lura shi ne, kowane turken watsawa a babban gari aka dasa shi. Mutumin ƙauye tun asali ragowar abin da ya tsallake birni yake kamawa.

A zamanin analog, wato tsohon tsarin watsawa kafin dijital, wannan ragowar takan isa. A sa gora mai tsawo, a ɗaura eriya, yaro ya hau katanga yana juyawa, na cikin ɗaki yana cewa “ƙara kaɗan, tsaya nan”. Hoton ya zo dishi-dishi, wani lokaci mutum ɗaya ya zama biyu, amma ana jin labarai, ana gane fuskar 'yan wasan kwaikwayo. Siginar analog a hankali take raguwa, shi ya sa ko a nesa ba a rasa ɗan abin kallo.

Sauyin daga analog zuwa dijital ya samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba a 2006, ƙarƙashin ITU, hukumar sadarwa ta duniya. Ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince su bar analog a zangon UHF, ɗaya daga zangunan da ake watsa talabijin ta iska, kafin 17 ga Yuni 2015. Hujjar a bayyane take: faɗin megahaz 8 (megahaz shi ne ma'aunin zangon watsawa) da tashar analog guda take cinyewa, a tsarin dijital na DVB-T2 zai ɗauki tashoshi goma sha biyar zuwa ashirin masu hoto na yau da kullum. Sararin da aka rage kuma sai a sayar wa kamfanonin waya. Tashoshi na 21 zuwa 48, wato daga megahaz 470 zuwa 694, su aka bar wa talabijin. Lamba 67 da ke cikin sunan tsohuwar CTV tana wajen megahaz 842 ne, yankin da yanzu aka keɓe wa wayar salula.

Najeriya ta sa wa kanta Yunin 2012, ba ta cika ba. Ta sake rasa wa'adin 2015, haka ma na 2017. Gwajin farko a Jos aka yi shi a ƙarshen Afrilun 2016, sai Abuja a Disambar wannan shekara, sai Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, sai Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru na shekara uku kafin Legas da Kano a 2021. Jigawa ba ta cikin waɗannan wurare takwas. A sabon tsarin, gidan talabijin ba ya watsa kayansa da turkensa; yana miƙa su ga kamfanin rarraba sigina, irin su ITS da ya fito daga NTA, da Pinnacle, su kuma su haɗa tashoshin a dunƙule su watsa. Dikodar, mai suna FreeTV, sai an kunna ta da rajista, kuma an ɗora mata kuɗin shekara, wanda a farko naira 1,000 ne. Ba yawan kuɗin ne ya fi damun mutane ba. Inda za a samu dikodar, da wanda zai sabunta ta idan ta rufe, su suka fi wuya da zarar an bar birni.

Kafin gwamnati ta gama shiri, 'yan kasuwa sun riga ta. StarTimes ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo baya a 2011, dukkansu da dikodar eriya ta biyan wata. Yawancin waɗanda suka fara ganin dijital ta eriya a kewayen Kano ta hannunsu suka gani. Su ma dai inda jama'a suka fi taruwa suke kafa turke. A gefe guda kuma faranti ya yi araha, Arewa24 ta fara watsawa kyauta ta tauraron ɗan'adam a 2014, ga tashoshin wa'azi da na finafinan Hausa. Mai gida a Maigatari ko Kafin Hausa da ya auna, sai ya ga faranti biya ɗaya ne, kuma babu ruwansa da nisan Kano.

Nisan nan shi ne gundarin maganar. Siginar UHF kusan a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Masu aikin suna da lissafi mai sauƙi: a ɗauki tushen murabba'in tsayin turke a mita, a haɗa da na tsayin eriyar gida, a ninka da 4.1, sai ya ba da iyakar nisa a kilomita. Misali, turke mai mita 100 da eriya a mita 9 za su ba da kusan kilomita 53. Ko an ɗaga turken zuwa mita 150, bai wuce 63 ba. Ke nan daga turken da ke Kano, garuruwa irin su Kura, Gezawa, Dawakin Kudu, Wudil da Bichi suna cikin da'irar, idan ƙarfin na'urar watsawar ya kai. Gaya da Kazaure suna bakin iyaka ko bayanta. Dutse, Gumel da Haɗeja kuwa ba zancen turken Kano ake yi ba sam, komai tsadar eriya. Inda akwai duwatsu, kamar kewayen Rano ko Dutse, gidan da ke bayan dutse zai iya rasa sigina alhali na gaba da shi da kilomita biyu yana kallo lafiya lau.

Dijital kuma ba ta san rabi-rabi ba. Muddin siginar ta kai mizani, hoto fes. Da ta sauka ƙasa da shi kaɗan, sai hoton ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, sai allo ya yi baƙi. Gidan da a da ake lallaɓawa da hoto mai dishi-dishi, yanzu ko dai ya samu duka ko ya rasa duka. Shi ya sa ƙananan kurakuran da analog take yafewa suka zama su ne ke raba mai kallo da marar kallo.

Na farko eriyar kanta. Tsohuwar eriya mai dogayen sanduna, waɗanda suka kai santimita 70 ko fiye, ta VHF ce, zangon da ke ƙasa da UHF. Ta UHF sandunanta gajeru ne, wajen santimita 20 zuwa 30, jere a kan doguwar ƙashin baya. A nesa mai sanduna da yawa ake buƙata, amma ita kuma idonta siriri ne, ɗan karkacewa kaɗan sai ta saki tashar. Gefen da ƙananan sanduna suke shi ke fuskantar turke, ragar ko manyan sandunan su koma baya. Ba ƙaramin yawa gare su ba gidajen da aka ɗaura ta a juye. Sandunan kuma su kwanta ko su tsaya daidai da yadda turken yake watsawa, idan an gwada ɗaya bai yi ba a juya ta a gwada ɗayan. A ɗaga ta aƙalla mita ɗaya da rabi sama da rufin kwano, kada ta fuskanci tankin ruwa ko kan darbejiya. Da yawa sukan yi mamakin eriyar da ta yi aiki duk rani ta fara tsinkewa a Agusta. Ba ruwan sama ne ke tare UHF ba, kamar yadda yake yi wa faranti. Ganyen mangwaro da darbejiya ne ya yi duhu ya jiƙe, ko kuma guguwar farkon damina ta juya gorar. Bututun ƙarfe da aka ɗaure da waya ta fuska uku ya fi gora, amma sai an haɗa shi da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa saboda tsawa, a kuma nisanta shi da wayar lantarki.

Wajen saiti, a buɗe shafin sigina a dikoda. Layi biyu ne, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na inganci. Na ingancin shi ne abin kallo, domin ƙarfi zai iya nuna 80 cikin ɗari alhali hayaniya ce kawai ake kamawa. A juya eriya kaɗan-kaɗan, a dakata daƙiƙa biyar kowane juyi, saboda dikoda ba ta nuna canji nan take. Idan an san lambar tashar a zangon UHF, wato tsakanin 21 da 48, binciken hannu ya fi na kai-tsaye: a ninka lambar da 8 a ƙara 306, shi ne megahaz ɗin. Tasha ta 30, alal misali, 546 ke nan.

Sai kebul, inda aka fi yin asara ba a sani ba. Kebul irin RG6 mai kyau yana zubar da kusan rabin siginar a kowace mita 20. Siririn kebul mai araha, wanda ragarsa ba ta da kauri, ya fi haka ɓarna, kuma rana takan fasa rigarsa cikin 'yan shekaru, ruwa ya shiga. A yanka kebul a ga ragar ta yi baƙi ko kore, to ya mutu, sai sabo. Haɗi da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda ba haɗi ba ne; a sa kan F mai zare, a tabbata ko silin raga ɗaya bai taɓa wayar tsakiya ba, don shi kaɗai ya isa ya kashe sigina gaba ɗaya. Kafin kebul ya shiga ɗaki a sake shi ya ɗan lanƙwaso ƙasa, ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje maimakon ya gangara cikin dikoda. Mai raba sigina zuwa ɗaki biyu kuma ya sani kowane ɗaki ƙasa da rabi yake samu.

Busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, tana da amfani, amma an ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ba ta ƙirƙiro siginar da eriya ba ta kamo ba, asarar kebul take cikewa. Don haka wurinta can sama kusa da eriya, ba bayan talabijin ba. Irin wadda ke cin wuta ta cikin kebul sai an kunna mata wutar eriya ta bolt 5 a cikin saitin dikoda, in ba haka ba ita da kanta za ta zama katanga. Kusa da turke kuwa busta ɓata hoto take yi, don siginar ta yi wa dikoda yawa. Wata sabuwar matsala ita ce turakun waya da suka shiga ƙauyuka: tsohuwar busta tana buɗe har megahaz 862, sai ta kwaso siginar 4G ta zangon 700 da 800 ta cusa wa dikoda. Maganinta ƙaramin mataci ne da ake sakawa tsakanin eriya da busta.

Wani lokaci kuma laifin ba na gida ba ne. Idan maƙwabta duka sun rasa tashoshi a lokaci guda, turken ne ya ɗauke ko aka rage masa ƙarfi, galibi saboda wuta ko man janareto, don haka kada a taɓa eriya, kada a sake bincike, domin binciken da aka yi lokacin da turke yake kashe yakan goge tashoshin da ke ajiye.

Su ma hukumomi alamu sun nuna sun karɓi hukuncin da karkara ta riga ta yanke. Shirin da Sin ta ɗauki nauyi na kai talabijin ƙauyuka 10,000 a Afirka, wanda Najeriya ta samu 1,000 a ciki, da faranti aka yi shi. A 2025 kuma NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ta haɗa kai da NigComSat, kamfanin tauraron ɗan'adam na gwamnati, don ci gaba da sauyin ta tauraron ɗan'adam. Ga mai gida a Minjibir ko Warawa eriya mai kyau da kebul na gaske har yanzu suna biyan buƙata. Wanda ya wuce kilomita 60 zuwa 70 daga turke, gara ya ari dikodar wani ya gwada a kan rufinsa kafin ya sayi bututu da busta.