Mitar wuta mai sadarwa a unguwannin zango na Akra

Mita mai sadarwa, wadda masu aikin wuta a Akra ke kira simat mita, na'ura ce da ke auna wutar lantarkin da gida ko shago ya sha, ta kuma aika lissafin da kanta zuwa kamfanin raba wuta, ba sai an turo ma'aikaci ya leƙa ya rubuta ba. Saƙo tsakaninta da kamfanin zuwa ne da dawowa. Tana kai rahoton abin da aka sha, kamfani kuma na iya tura mata kuɗin da mutum ya saya, ko sabon farashi, ko umarnin ta yanke wuta ko ta dawo da ita. A Ghana yawancin waɗannan mitoci na biya-kafin-sha ne, shi ya sa mutane da dama ke ɗaukar abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai mitar biya-kafin-sha da ba ta magana da kowa, akwai kuma mai sadarwa da ake biyan kuɗinta a ƙarshen wata, kamar na manyan masana'antu.

Masu ruwa da tsaki

Kamfanin ECG ne ke raba wuta a Akra da Kumasi da sauran kudancin ƙasar, shi ne kuma mai mitar da ke jikin bango ko kan turke. An kafa shi a 1967. Arewacin Ghana na hannun NEDCo, reshen hukumar VRA mai kula da madatsar Akosombo. GRIDCo ke ɗauko wuta a manyan layuka daga tashoshi. Farashi kuwa hukumar PURC ke yankewa, wadda aka kafa a 1997, kuma a wurinta ake kai ƙara idan an kasa daidaitawa da kamfani.

Yadda take aiki

Tsohuwar mita tana da faifan alminiyom da ke juyawa gwargwadon ƙarfin wutar da ake ja, faifan kuma ya juya ƙafafun lambobi. Sabuwar ba ta da abin da ke juyawa. Wani ɗan guntun lantarki ne a cikinta ke auna ƙarfin wuta da yawan wadda ke wucewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ya haɗa lissafin ya ajiye. Ma'auninta shi ne yunit, wato wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1000 zai cinye yunit guda a awa ɗaya, ƙwai mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka. Ƙaramar jar fitilar da ke ƙyaftawa a fuskar mita tana bin wannan lissafi ne. Idan aka kunna abin dafa ruwa za a ga ƙyaftawar ta ƙara sauri nan take.

Bayan ma'aunin, akwai agogo, da ma'ajiyar bayanai, da makunnin da ke yanke wuta idan kuɗi ya ƙare, sai na'urar sadarwa. Wasu mitocin na ɗauke da layin waya irin na salula. Wasu na tura saƙo ta cikin wayar wutar kanta zuwa wani akwati da ke kusa da taransifoma, shi kuma ya tattara na unguwa ya aika. Wasu kuma ta igiyar rediyo suke miƙa wa juna saƙo har ya isa.

A unguwannin zango na Akra, irin su Nima da Mamobi da Sabon Zongo, akan ga nau'in da aka raba gida biyu. Ainihin mitar tana can sama a cikin akwati a kan turke, inda hannu ba ya kaiwa, abin da ke ɗaki kuwa ɗan allo ne mai maɓallan lambobi, wanda ke nuna sauran kuɗi. An yi haka ne don a rage satar wuta. Mitar tana rubuta lokacin da aka buɗe murfinta, tana jin maganaɗisu idan an kusanto da shi, tana kuma iya gane cewa wutar da ta shiga ta waya ɗaya ba ta yi daidai da wadda ta dawo ta ɗayar ba, alamar an kewaye ta.

Lambobi 20 da ake samu bayan an sayi wuta, waɗanda ake dannawa a allon mita, ba a Ghana aka ƙirƙiro su ba. Tsari ne da ake kira STS, wanda ya samo asali a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, daga baya ya zama ƙa'idar duniya. A cikin lambobin an ɓoye adadin da aka saya da lokacin da aka saya, an kuma kulle su da makullin mita ɗaya tak. Don haka lambobin maƙwabci ba za su shiga mitarka ba, naka ma ba sa shiga sau biyu. Ƙidayar lokacin da ke cikin tsarin ta fara ne daga 1993, ta kuma cika a ranar 24 ga Nuwamba 2024, abin da ya sa kamfanonin wuta a ƙasashe da dama suka raba wa jama'a lambobin sabunta mita kafin ranar.

Daga kati zuwa waya

Italiya na cikin ƙasashen da suka fara shimfiɗa irin wannan mita a ko'ina, inda kamfanin Enel ya kafa kimanin miliyan 30 daga 2001. A Ghana hanyar daban ce. ECG ya fara gwajin biya-kafin-sha a tsakiyar shekarun 1990, ba don sadarwa ba, sai don bashin da ke taruwa a hannun masu shan wuta. Mitocin farko da yawa na kati ne. Mutum ya ɗauki kati ya je wurin mai sayarwa, a loda masa, ya dawo ya sa a mita. Da shekaru suka tafi sai nau'o'i suka yi yawa, irin su Nuri da Holley da Clou, kowanne da manhajarsa, har ya zama mai sayarwar da ke bakin titi na iya loda wa wannan ya kasa loda wa wancan.

Wannan rarrabuwa ce aka nemi magancewa da tsarin da ake kira MMS, rumbu ɗaya da zai riƙa magana da kowace mita ko wane kamfani ya ƙera ta. An gina shi da tallafin hukumar MCC ta Amurka a ƙarƙashin yarjejeniyar gyaran wutar Ghana. Tun daga nan ECG ke cire tsofaffin mitoci yana sa masu bin wannan tsari. Yau mai shago a unguwar Madina ta Akra na iya sayen wuta cikin dare ta manhajar ECG PowerApp ko ta latsa *226# ya biya da kuɗin waya. Idan sabis na da kyau kuɗin kan shiga mita da kansa, idan babu sai ya danna lambobin da hannu.

Sauƙin yana da nasa haɗari, kuma an gani a ƙarshen Satumba 2022, lokacin da tsarin sayar da wuta na kamfanin ya tsaya na kwanaki. Wuta na nan a kan layi, kuɗi na hannun mutane, amma gidaje na cikin duhu saboda babu hanyar lodawa, aka yi ta dogon layi a ofisoshi. Shekarun dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, daga 2012 zuwa 2016, matsalar ƙarancin wuta ce daga tashoshi. Wannan kuwa duhu ne da kwamfuta ta jawo. A shekarar ta 2022 ɗin dai an yi rikici a yankin Krobo da ke gabashin ƙasar, wajen garuruwan Somanya da Odumase, kan kafa mitocin biya-kafin-sha, har sojoji suka raka ma'aikata, garuruwan kuma suka yi makonni babu wuta. Tushen rikicin tsohon bashi ne da jama'a ba su yarda da lissafinsa ba.

Gidan haya mai mita ɗaya

A zango, nan ne maganar ta fi nauyi. Gidajen da yawa na tsakar gida ɗaya ne da ɗakuna kewaye, iyali a kowane ɗaki, mita kuma guda. An saba raba kuɗin wuta da ƙidayar kaya: ƙwai maki kaza, fanka kaza, talabijin kaza, firji ya fi kowa. Wani daga cikin 'yan haya ko mai gida ke bi ɗaki-ɗaki yana karɓa. Lokacin takardar wata-wata, gardama sau ɗaya ake yin ta a wata. Da biya-kafin-sha kuwa kuɗin na iya ƙarewa kowace rana, allon ya fara ƙara, wuta ta ɗauke wa gida duka, har da wanda ya riga ya biya nasa. Matar da ke sayar da ruwan sanyi da fura daga firiza a ɗakinta, da telan da ke gugar ɗinki, da tsohuwar da ba ta da komai sai ƙwai ɗaya da rediyo, duk mita ɗaya ke ƙirga su a matsayin mutum guda.

Illar ta wuce gardama. Farashin wutar gida a Ghana hawa-hawa ne. Akwai rangwame ga wanda bai wuce yunit 30 a wata ba, wanda aka yi don masu ƙaramin ƙarfi, daga nan farashin yunit na ƙaruwa idan shan ya yi yawa. Gida mai iyali 10 a kan mita ɗaya ba zai taɓa tsayawa a yunit 30 ba. Sai ya zama talakawan da aka yi rangwamen dominsu su ne ba sa samunsa, wani lokaci ma suna biyan farashin da ya fi na mai gida shi kaɗai a unguwar masu hali. Wannan rashin adalci ne na gaske, kuma wayon mita ba ya gyara shi. Abin da ke gyara shi shi ne kowane ɗaki ya samu tasa. Neman mita ta daban na buƙatar yardar mai gida, da katin shaidar ɗan ƙasa, da lambar adireshin gida ta GhanaPostGPS, da shaidar cewa mai lasisi ne ya ja wayar ɗakin, sannan kuɗin aiki. Wasu gidajen kan sayi ƙananan mitoci na kasuwa su sa wa kowane ɗaki a bayan babbar. Wannan na kashe gardama, tunda kowa na ganin abin da ya sha, amma farashin yunit na nan a hawan da babbar mita ta kai.

Zargin gudu

Kusan duk inda aka canza mita sai an ji ana cewa sabuwar na gudu. Dalilan da aka fi samu sanannu ne. Tsohon faifai kan yi nauyi da tsufa, ya riƙa ƙirga ƙasa da abin da aka sha, kuma ba ya jin ƙananan kaya kamar cajar waya, sabuwar kuwa ba ta barin komai. Akwai kuɗin hidima na wata-wata da harajin fitilun titi da na kai wuta karkara, waɗanda ake cirewa daga abin da aka saya. Idan akwai tsohon bashi a kan gidan, ana iya cire shi kaɗan-kaɗan. PURC kuma na duba farashi duk wata uku, don haka sidi 50 na bana ba lallai ya sayi yunit ɗin da ya saya bara ba. Sai tsohuwar waya a bango da ke yoyon wuta zuwa ƙasa, da tsohon firji na hannu. Ghana ta hana shigo da irin waɗannan firji tun 2013 saboda yawan cin wutarsu, amma da yawa na nan suna aiki a ɗakuna.

Duk da haka mita na iya lalacewa, ko a shigar da gida a rukunin 'yan kasuwa bisa kuskure. Gwajin farko mai sauƙi ne: a kashe komai, a zare kowane soket, a duba ko jar fitilar ta daina ƙyaftawa. Idan ba ta daina ba, akwai yoyo ko wani na ja daga layin. Mai shan wuta na da haƙƙin neman a gwada mitarsa, da haƙƙin kai ƙara PURC.

Amfaninta ga kamfani

Wutar da ECG ke saya amma ba ya samun kuɗinta kan haura kashi ɗaya cikin huɗu a shekarun baya-bayan nan, wani ɓangare a wayoyi da taransifoma, wani ta sata da rashin biya. Idan aka sa mita a bakin taransifoma aka gwama da jimillar na gidajen da ke ƙarƙashinta, gibin kan nuna lungun da wuta ke ɓacewa. Mitar na kuma ba da damar lissafin wutar da mai faifan hasken rana ya mayar kan layi. Bayanan da take tarawa na iya nuna lokacin da gida ke da mutane da lokacin da ba kowa, don haka suna cikin abin da dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta shafa.

Gas

Ba wuta kaɗai ake aunawa da mita mai sadarwa ba, har da gas. A Turai, inda bututun gas ke shiga gidaje, mitar gas mai sadarwa na aiki da batir, tana kuma tura lissafinta ta rediyo. A Ingila takan bi ta akwatin sadarwa ɗaya da mitar wuta. Akra ba ta da irin wannan bututu na gidaje. Gas ɗin da ake tacewa a Atuabo, a yammacin Ghana, da wanda ke zuwa daga Najeriya ta bututun Afirka ta Yamma na tafiya ne galibi tashoshin wuta da masana'antu, a can ake auna shi. Mai girki a zango, ko mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, gawayi take amfani da shi ko tukunyar gas, mai kilo 6 ko mai kilo 14.5, a kai gidan gas a cika gwargwadon kuɗin da ke hannu.

Bayan fashewar gidan gas na Atomic Junction a Akra a ranar 7 ga Oktoba 2017, gwamnati ta ɗauki tsarin musayar tukunya: a cika a manyan cibiyoyi nesa da jama'a, mutum ya kawo fanko ya karɓi cikakkiya. Ya fi aminci, sai dai yana tsaurara wa wanda ya saba sayen kilo biyu ko uku. A Kenya da Tanzaniya an gwada wata mafita, inda ake ɗaura ƙaramar mita mai layin waya a bakin tukunya. Mai girki ta biya kuɗin gas na yini ta waya, mitar ta buɗe gwargwadon abin da aka biya, ta kuma sanar da kamfani idan tukunyar ta kusa ƙarewa don a kawo wata. Tukunya da mitar mallakar kamfanin ne, gas ɗin da aka ƙona kawai ake biya.