Minshari da lasisin tirela: abin da dokar Amurka ta tanada

Duk wanda zai ja tirela daga wata jiha zuwa wata a Amurka, sai ya riƙe katin shaidar lafiya daga likitan da hukumar FMCSA, mai kula da lafiyar tuƙin manyan motoci, ta amince da shi. Katin ba ya wuce shekara 2. A takardar da direba ke cikewa kuwa akwai tambayar da mutanenmu da ke wannan sana'a a can sukan ɗauka wasa: kana minshari mai ƙarfi? Numfashinka na ɗaukewa cikin barci?

Ba wasa ba ne. Akwai ciwon da ake kira sleep apnea, wanda idan mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa ke sakewa ya toshe hanyar iska. Sai minsharin ya tsaya cak, shiru na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe. Haka zai yi ta yi har asuba, shi bai ma sani ba. Uwargida ce ta sani. Ya kwana awa 8 a gado, amma da hantsi yana gyangyaɗi a kan sitiyari.

Abin mamaki, dokar ba ta ambaci ciwon da sunansa ba. Sashe na 391.41 na dokar tuƙin manyan motoci cewa kawai ya yi kada direba ya kasance da matsalar numfashi da za ta hana shi sarrafa mota lafiya. A 2016 hukumar ta fara shirin kafa ƙa'idar gwaji ta musamman, a watan Agustan 2017 ta janye. Saboda haka wuƙa da nama na hannun likita. Ya dubi ƙibarka da hawan jininka, ya zagaya maka awo a wuya, idan ya kai inci 17 yana iya tura ka gwajin barci. Wani likitan ya tura, wani ya ƙyale. A ganina nan dokar ta yi sake, domin direbobi biyu masu jiki iri ɗaya sai su fito da hukunci daban.

Samun ciwon ba ya raba mutum da sana'arsa. Yawanci na'urar CPAP ake ba shi, mai hura iska ta wani abin rufe hanci, ya ajiye ta kusa da gadon da ke bayan kujerar motar. Na'urar na lissafa kowane dare, kuma ma'aunin da likitoci suka fi bi shi ne aƙalla awa 4 a dare, cikin kashi 70 na darare. Katin sai ya koma na shekara ɗaya-ɗaya. Ɓoyewa ce ke jawo masifa, don ƙarya a takardar na iya soke katin har da tara.

Gajiya kuma dokarta daban: tuƙi ba ya wuce awa 11 cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10 a jere. Tun Disambar 2017 wata na'urar daban ce ke ƙirga awannin a mafi yawan motoci, an bar littafin hannu. Sai dai na'ura hutu take gani, ba ta ganin barci. Direban da ya afka wa motar ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a jihar Niyu Jasi cikin Yunin 2014, aka rasa rai ɗaya, ya fi awa 28 bai runtsa ba. Sashe na 392.3 ya haramta wa wanda gajiya ta ci ƙarfinsa taɓa sitiyari ko da awanninsa ba su ƙare ba, ya kuma haramta wa kamfani tilasta masa.