Kafin ku ɗaure akwatin bikin ƙasar waje

Wata Hajiya ta shigo ɗakin rigakafinmu da hantsi, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Bikin 'yar ƙanwarta za a yi a Masar, saura kwana 3 jirgi ya tashi. Anko ya fito daga wurin tela tun wata guda, an biya kuɗin gudummawa, an sayi tsaraba. Sai a daren jiya wani ya tuna mata da katin rigakafin cutar shawara (yellow fever), wadda sauro ke yaɗawa. Ta ce, "'Yata, ki taimaka ki yi mini yau." Na ce, "Hajiya, allurar kam za a yi, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10." Har yanzu ina tuna yadda jikinta ya yi sanyi.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana mutanen Sakkwato, ranar da aka sa bikin da za a tsallaka ƙasa, ko Dubai ce ko Alƙahira, ko nan Ƙonni da Tawa ta hanyar Illela, a ranar za ku fara shirin lafiyarku. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake samun cutar shawara, don haka ƙasashe da yawa suna neman katin nan mai ruwan ɗorawa daga hannunmu. Sashen kula da lafiyar matafiya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke bayar da shi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, wanda ya taɓa yi ba sai ya sake yin allurar ba. Don Allah kada ku sayi kati a hannun 'yan kan hanya ba tare da allura ba, sauro ba ya duba takarda. Mai ciki, da jaririn da bai kai wata 9 ba, da wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, su ga likita tukuna. Idan za a haɗa tafiyar da Umra, akwai rigakafin sanƙarau, shi ma kwana 10 kafin isa Saudiyya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne magani da saƙo. Mun saba da zumunci: maƙwabciya ta kawo ƙulli ta ce a miƙa wa ɗanta, sai kunya ta hana a kwance. Ku kwance shi a gabanta. Wanda ya ƙi a buɗe saƙonsa, a mayar masa da abinsa, ko da ɗan'uwa ne ciki ɗaya. A 2017 wata kotu a Masar ta ɗaure wata 'yar Ingila shekara 3 saboda ƙwayoyin Tramadol kusan 290 da aka samu a jakarta. A ƙarshen 2018 kuma an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai da ta shafe kusan wata 4 kafin gaskiya ta yi halinta. Ku ƙirga jakunkunanku, ku riƙe takardar awon kaya. Tramadol da kodin, hukuncinsu a ƙasashen Larabawa ba wasa ba ne idan babu takardar likita. Goro ma, da muke ganin ba a ɗaurin aure sai da shi, Saudiyya ta hana shiga da shi.

Iyayenmu masu hawan jini da ciwon suga, ku ɗebi maganin da zai kai ku ya dawo da ku, da ƙarin na mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada a juye shi a leda. A jakar hannu zai zauna, domin babban akwati yana iya ɓata, allurar insulin kuma tana iya daskarewa a ɗakin kaya na jirgi ta lalace. Saudiyya ta riga mu da awa 2, Dubai da awa 3, sai ku tambayi likita yadda za ku daidaita lokacin shan magani. A cikin jirgi a sha ruwa, a riƙa miƙewa ana taka ƙafa, don dogon zama yana sa jini ya dunƙule a ƙwauri. Mai cikin da ya wuce wata 7 ta tuntuɓi kamfanin jirgi tun kafin a yanki tikiti.

Sai 'yan mata ƙawayen amarya. Baƙin lallen da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu, ta kumbura ta yi ruwa bayan 'yan kwanaki, kina ƙasar da kuɗin asibiti ke da tsada. Jan lallenmu na gargajiya ya fi aminci.

Bayan an dawo gida, duk wanda ya ji zazzaɓi ko gudawa ya zo asibiti da wuri, ya faɗa mana ƙasar da ya je da ranar da ya dawo.