Wai daga ina zuwa ina ne yankin Karibiyan?

Idan aka ce Karibiyan, wane wuri ake nufi?

Da farko dai teku ne, Tekun Karibiyan, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 2.7. Daga kudu Benezuwela da Kolombiya da Panama sun tare shi, daga yamma ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ɓangaren Meziko, sai tsibirai suka zagaye shi ta arewa da gabas. Manyan su ne Kuba da Jamaika da Puerto Rico da kuma Hispaniola, wanda ƙasashe biyu ke zaune a kansa, Haiti da Jamhuriyar Dominikan. Ƙananan kuwa jere suke a lanƙwashe tun daga tsibiran Virgin har zuwa Trinidad da ke dab da bakin Benezuwela. Mutanen tsibiran gaba ɗaya sun haura miliyan 40, kuma akasarinsu a Kuba da Haiti da Dominikan suke. Sunan kansa daga ƙabilar Carib ya fito, waɗanda ke kiran kansu Kalinago, har yau suna da yankinsu a tsibirin Dominica (wanda daban yake da Jamhuriyar Dominikan).

Toh ai shi ke nan, duk wanda ruwan tekun ya taɓa ɗan Karibiyan ne ko?

Ina, da haka ne da ba a yi ta gardama ba. Ɗauki Bahamas, kowa ya san ta a matsayin ƙasar Karibiyan, amma fa tsibiranta a cikin Tekun Atilantika suke, arewa da Kuba, ruwan Karibiyan bai taɓa su ba sam. Barbados ma ta fita daga layin, tana can gabas da kusan kilomita 160. Guyana da Suriname kuwa ba ma tsibirai ba ne, a kan babban yankin Kudancin Amurka suke kuma gaɓarsu Atilantika take kallo, amma duk da haka hedikwatar CARICOM, ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Karibiyan, a Georgetown take, babban birnin Guyana. Sai ka juya ɗaya ɓangaren, Kolombiya da Benezuwela da Honduras suna da doguwar gaɓa a kan tekun sosai, amma da wuya ka ji an lissafa su idan ana maganar ƙasashen Karibiyan. Kenan taswira kaɗai ba za ta raba gardamar nan ba.

Idan ba ruwa ba ne ya haɗa su, mene ne?

Rake da bauta, ni dai a ganina nan ne asalin maganar. Bayan Columbus ya sauka a Bahamas a 1492, cututtuka da aikin tilas da kisa suka kusa ƙarar da mutanen Taino da ke manyan tsibiran. Turawa suka mayar da wurin gonakin rake, suka kwaso miliyoyin mutane daga Afirka a jiragen ruwa suka sa su bauta a ciki, kuma a wasu tsibiran sai da bayi suka ninka iyayen gijinsu sau da yawa. Wannan tsarin ne ya haifi yarukan Kiriyol, waɗanda suka samo asali daga cuɗanyar yarukan Turawa da na Afirka, da kiɗan yankin da addinai irin su Vodou a Haiti da Santería a Kuba. Bayin Haiti sun yi tawaye a 1791 suka kafa ƙasarsu a 1804. Birtaniya ta soke bauta a 1834, Faransa a 1848, Holan a 1863, Kuba ce ta yi jinkiri har 1886.

Da bauta ta ƙare masu gonaki suka nemi wasu hannayen, sai aka fara kawo 'yan ƙwadago daga Indiya da kwantiragi, Guyana a 1838, Trinidad a 1845, Suriname a 1873, har aka tsayar da abin a 1917. Suriname ma har mutanen Java aka kai mata daga Indonesiya. Shi ya sa ɗan Guyana idan ya je Trinidad zai ga masallatai da wuraren ibadar Hindu da coci-coci kamar na gida, da wasan kurket, da Turanci mai irin karin da ya saba, alhali Brazil da ke manne da ƙasarsa sai ya ji shi baƙo. Duk inda aka yi wannan tarihin za ka ji ƙanshin Karibiyan, ko da ba tsibiri ba ne.

Su mutanen yankin, suna ɗaukar kansu abu ɗaya?

Wani lokaci e, wani lokaci a'a, yare ya raba su sosai. Akwai masu Sifaniyanci, su ne mafi yawa, akwai masu Turanci, masu Faransanci da Kiriyol, da masu Holanci da Papiamento a Aruba da Curaçao da Bonaire. Ɗan Kuba ko ɗan Dominikan yakan fi jin kansa ɗan Latin Amurka. Ko masu Turancin da suka gwada dunƙulewa abin bai ɗore ba, an kafa tarayyar West Indies a 1958, Jamaika ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ta ce ta fita, Eric Williams, shugaban gwamnatin Trinidad a lokacin, ya ce idan ka cire ɗaya daga goma sifili ne ya rage, a 1962 tarayyar ta watse. Abin da ya tsira shi ne jami'ar West Indies da ta faro a Jamaika a 1948, da ƙungiyar kurket ɗinsu da har yau ƙasashe da yawa ke buga wasa da riga ɗaya.

Babu wata hukuma da ta yanke iyakar a rubuce?

Akwai, sai dai kowacce da nata layin. CARICOM da aka kafa a 1973 ta fara ne da tsofaffin yankunan Birtaniya, Suriname ta shiga a 1995, Haiti a 2002, amma Kuba da Dominikan ba mambobi ba ne. Ita kuwa ACS, ƙungiyar ƙasashen da ke kewaye da Tekun Karibiyan, da aka kafa a birnin Cartagena na Kolombiya a 1994 ta buɗe ƙofa sosai, ƙasashe 25, har da Meziko da Kolombiya, kai har da El Salvador wadda ko taku ɗaya ba ta da shi a gaɓar tekun.

Tsibiran da har yanzu ke hannun Turawa da Amurka fa?

'Yan Karibiyan ne mana, takarda ce kawai ta bambanta. Martinique da Guadeloupe tun 1946 sassan Faransa ne cikakku, kuɗin yuro suke kashewa, suna zaɓen shugaban Faransa. Puerto Rico tana hannun Amurka tun 1898, mutanenta 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917 amma wanda ke zaune a tsibirin ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, wannan kam abin yana min ciwo. Ɗan ƙaramin tsibirin Saint Martin tun 1648 aka raba shi biyu tsakanin Faransa da Holan.

Wannan duk ba surutun malaman jami'a ba ne kawai?

A'a wallahi, akwai dukiya da rayuka a ciki. Dokar teku ta ba ƙasa ikon kifi da man da ke cikin mil 200 na awon teku daga gaɓarta, kuma tsibiran nan a cunkushe suke, don haka layukan suna hawa kan juna. A 2012 kotun duniya da ke Hague ta bar wa Kolombiya tsibirin San Andrés amma ta ba Nicaragua babban yanki na ruwan da ke kewaye, masuntan Raizal, wato mutanen asalin tsibirin masu Kiriyol na Turanci, suka wayi gari wuraren da kakanninsu ke kamun kifi sun koma hannun wata ƙasa. Benezuwela kuma na iƙirarin yankin Essequibo, kusan kashi biyu cikin uku na Guyana, ba ta yarda da hukuncin 1899 da ya shata iyakar ba, kuma rigimar ta ƙara zafi tun da aka gano mai a tekun Guyana a 2015. A wannan rikicin CARICOM bayan Guyana take tsaye a fili.