Waiwaye: Yadda Tsutsar Zangarniya Ta Zama Annobar Gero

A gonakin jigawa na arewacin Zamfara, daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, akwai wata ɓarna da manomin gero yake ganewa tun daga bakin gona idan damina ta yi nisa, wajen ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba. Zangarniya ta fito da kyau, ta yi tsawo, amma sai a ga wani layi ya zagaye ta kamar an naɗa mata zare, furen da ke kan layin ya bushe ya ɗago, babu ƙwaya ko ɗaya a wurin. Idan aka sa yatsa aka buɗa, za a tarar da tsutsa kwance a ciki, ga ƙananan kashinta farare sun zuba a tsakanin furen. Manoman Maradi, da ke tsallaken iyaka, suna kiranta murzuna, masana kuma sun san ta da Heliocheilus albipunctella.

Wannan tsutsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun shekarar 1925 wani masanin ƙwari Bafaranshe mai suna de Joannis ya rubuta bayanin uwarta, wato wani ɗan ƙwaro mai fukafukai dangin malam-buɗe-littafi wanda ba ya tashi sai da dare, amma an yi kusan shekara 50 ba a lissafa ta cikin manyan abokan gabar gero ba. Abin ya canza ne bayan babban farin da ya afka wa yankin Sahel, wanda ya tsananta a 1972 da 1973. A daminonin da suka biyo baya, daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya, sai aka ga tsutsar ta yi yawan da ba a saba gani ba, har akwai gonakin da aka rasa fiye da rabin amfaninsu. Daga lokacin ne cibiyoyin bincike, musamman ta Bambey a Senegal, suka duƙufa wajen sanin yadda take rayuwa.

Abin da suka gano ya cancanci kowane manomi ya san shi, domin rayuwar wannan halitta gaba ɗaya a ɗaure take da ruwan sama da lokacin fitar kan gero. Sau ɗaya kawai take hayayyafa a shekara. Kusan wata guda bayan ruwan shuka, iyayen suke fitowa daga cikin ƙasa, su yi barbara da dare, macen kuma ta bi zangarniyar da ta fara leƙowa tana saka ƙwai a jikin furen, ɗaruruwa a tsawon 'yan kwanakin da take da su a duniya. Kafin mako ya zagayo ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ƙaramar tsutsa tana fara cin cikin fure, idan ta yi ƙarfi sai ta koma yanke tushen furen ɗaya bayan ɗaya tana zagaya zangarniya, kuma wannan yankan ne yake barin layin da ake gani. Bayan kimanin wata guda ta ƙoshi, sai ta sauko ta nutse cikin ƙasa, ta dunƙule ta yi ɓawo, ta kwanta. A nan za ta wuce kaka da hunturu da zafin bazara, wata goma ko fiye, ba ci ba motsi, har sai danshin sabuwar damina ya tashe ta. Wannan doguwar kwanciya ita ce dabarar da jinsin ya samu a tsawon zamani don ya rayu a ƙasar da ruwa ke ɗaukewa mafi yawan shekara, kuma ita ce ta sa fari bai kashe shi ba.

Akwai dalilai biyu da ake dangantawa da yawaitarta bayan farin. Na farko shi ne ƙwarin da ke cin ta sun fi ta jin jiki idan ƙasa ta bushe. Na biyu ya shafi iri. Da damina ta gajarta, manoma sun ƙara karkata ga gero mai saurin nuna, wanda yake fitar da kai daidai lokacin da iyayen tsutsar suka fi yawa a sarari, alhali maiwa, da yake sai can baya take fitar da kai, galibi takan tsira. Babu wanda zai zargi manomi da wannan zaɓi, domin wanda ya ga gonarsa ta ƙone kafin ta yi ƙwaya dole ya nemi irin da zai riga ɗaukewar ruwa, sai dai zaɓin ya zo da nasa nauyin.

An gwada feshi, bai biya ba. Tsutsar tana ɓoye a ƙarƙashin fure inda maganin ba ya isa sosai, geron kuma ya fi mai feshi tsawo, sannan kuɗin magani sau da yawa ya fi ƙarfin abin da za a ceto. Mafi muni, feshin yana kashe ƙwarin da ke taimakon manomi.

Cikin waɗannan mataimaka akwai wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai wuce ƙwayar gero biyu a tsawo ba, mai suna Habrobracon hebetor. Macensa tana harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta, kuma cikin kwana goma ko kusa da haka sababbi sun tashi. Yana nan a gonakinmu da kansa, matsalarsa ita ce ba ya yin yawa sai ƙarshen damina, bayan an riga an yi ɓarnar. Tun a shekarun 1980 aka fara gwada kiwonsa da sakinsa da wuri a Senegal, amma aikin ya zauna da gindinsa ne daga 2006, lokacin da masu bincike na Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗa hannu, cikinsu har da Ibrahim Baoua, wanda a lokacin yake aiki da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, a Maradi, da Malick Ba, wanda daga baya ya yi aiki da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, a Nijar. Dabarar mai sauƙi ce: a zuba gero da garinsa cikin ƙaramin buhun algarara, a saka tsutsotsin wani ƙwaron da ke cin hatsi a rumbu don su zama abinci, a ƙara mata biyu na wannan ɗan zanzaro da suka yi barbara, a rataye buhun a gona ko a jikin rumbu lokacin da gero ya fara fitar da kai. Ƙwarin suna fita ta ƙofofin saƙar buhun su bazu 'yan kilomita. Dole a maimaita sakin kowace shekara, domin kaɗan ne suke tsallake rani, kuma yanzu akwai ƙungiyoyin manoma a Nijar da suke kiwon su suna sayar da buhunan.

Ya kamata a bambanta wannan tsutsa da wadda ta addabi masara a 'yan shekarun nan, domin ana yawan haɗa su a magana. Tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, daga nahiyar Amurka ta zo, an fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma zuwa 2018 ta isa Indiya. Ita ba ta kwanciyar rani. Duk wata guda tana iya kammala zagaye ɗaya muddin akwai ɗanyen ganye, shi ya sa masarar noman rani a wurare irin su Bakolori, wajen Talata Mafara da Bakura, take iya riƙe ta har damina ta dawo.

Ga tsutsar zangarniya kuwa, lokacin da za a iya cin ƙarfinta ɗan gajere ne, makonni kaɗan daga fitar kan gero, kuma aikin na gari ne gaba ɗaya, tunda ƙwaron da aka saka a gona ɗaya zai shiga ta maƙwabci. A Najeriya binciken gero yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, isar da shi ga manomi kuma aikin malaman gona ne na jiha. A ƙauyuka da yawa na Zurmi da Shinkafi rashin tsaro ya sa zuwan malamin gona ya yi wuya, har shi kansa manomin yakan shiga gonarsa ne da fargaba. A ganina, duk wani shirin farfaɗo da noma a wannan yanki ya kamata ya haɗa da ɗakin kiwon waɗannan ƙwari a garuruwan da ake iya zuwa, kamar Gusau da Ƙaura Namoda, a koya wa ƙungiyoyin manoma haɗa buhunan da kansu, a kuma shirya su tun watan Yuli kafin gero ya fitar da kai.