Jawabin gabatar da mutum bayan hira da shi

Jawabin gabatar da mutum bayan hira da shi gajeren jawabi ne, yawanci na 'yan mintoci, wanda mai magana ke tsarawa daga abin da ya ji daga bakin mutumin, sannan ya tsaya gaban jama'a ya sanar da su ko wane ne. A kwalejojin Amurka da dama yana cikin ayyukan farko a darasin koyon magana gaban taro. Akan haɗa ɗalibai biyu-biyu, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambayoyi, kana ya gabatar da shi ga aji. Wani lokaci kuma wajen wani dattijo ko mai sana'a ake tura ɗalibi.

Asali

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotil ya kasa jawabai gida uku: na shawara a majalisa, na gaban alƙali, da na taron biki inda ake yabo ko zargi. Gabatar da mutum yana cikin kashi na ukun. Koyar da talakawa wannan fasaha ya bunƙasa ne a Amurka. Dale Carnegie ya fara darussansa a New York a 1912, Ralph Smedley kuma ya kafa ƙungiyar Toastmasters, ta masu koyon magana gaban taro, a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a 1924. Ita kuwa hira da mutane don adana tarihinsu ta samu gindin zama a jami'a bayan Allan Nevins ya buɗe ofishin tarihin baka a Jami'ar Kolambiya a 1948.

Hira

Nan ne aikin yake, domin jawabi ba ya fin hirar da ta haife shi. Tambayar da amsarta kalma ɗaya ce ba ta kawo komai. In ka ce wa tela "A ina aka haife ka?", sunan gari kawai za ka samu. In ka ce "Wa ya fara ɗora ka a kan keken ɗinki, kuma wace riga ka fara ɗinkawa?", sai labari ya ɓalle: maigidan da ya koya masa, shaddar da ya taɓa yankawa ba daidai ba, daren jajibirin Sallah da aka kwana ana aiki da fitila. Mai hira ya iya yin shiru. Sau da yawa maganar da ta fi daraja tana zuwa ne bayan mutum ya ɗan dakata, kamar ya gama.

Ana neman izini kafin a naɗi murya, kuma duk abin da mutum ya ce "wannan tsakaninmu ne" amana ce, ba ya shiga jawabi komai daɗinsa. Kafin a tashi, a tabbatar da suna, yadda ake furta shi, shekaru da muƙamai. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya manta da Alhaji, Hajiya, Malam ko Farfesa, balle sarautar mutum, ya ɓata taron tun daga farko. Akwai kuma alkunya: dattijuwa tana iya ƙin kiran sunan mijinta ko na ɗan farinta, kuma bai dace a matsa mata ba. Sai a nemi sunan wajen wani a gidan.

Tsarawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jero rayuwar mutum daga haihuwa, firamare, sakandare har ritaya. Ana jin irin wannan a tarukan karramawa da ƙaddamar da littafi, inda akan karanta "taƙaitaccen tarihi" mai shafi uku jama'a suna ta hamma. Jawabi mai kyau yana zaɓar abu guda da ya bambanta mutumin, haƙurinsa ko jajircewarsa, ya ɗora labari ɗaya ko biyu a kai, ya kawo wata magana tasa yadda ya faɗe ta. Sauran a bar su a littafin rubutu. A Turanci mai magana a natse yakan faɗi kalmomi 120 zuwa 150 a minti, don haka jawabin minti uku bai wuce shafi ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Idan wanda ake gabatarwa shi ne zai karɓi lasifika, tsarin Carnegie ya ce a faɗi batun da zai yi magana a kai, dalilin da ya sa ya shafi masu sauraro, sannan cancantarsa, a ajiye sunansa sai a ƙarshe.

Gabatarwa

Akan rubuta muhimman kalmomi a ƙaramin kati maimakon karanta takarda, a kuma gwada jawabin da babbar murya ana duba agogo. A tarukan Toastmasters akwai mai kula da lokaci da ke nuna wa mai magana alamar kore, rawaya, sai ja idan lokaci ya cika. Ido ya kasance kan jama'a, a waiwayi mai tarihin idan an ambace shi. Abin da ya raba wannan jawabi da kirarin maroƙi shi ne ba a yarda da zuzutawa ba, shi ya sa malamai da yawa ke son ɗalibi ya karanta wa mutumin jawabin ya gyara kafin ranar taro.